Tsofaffin komik na Star Wars da aka sake bugawa: su ne dai waɗanda muka sani?

Malam Garba Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Ina son jin ra'ayinku a kan babban kundin nan da Marvel, kamfanin buga komik na Amurka, ta fitar a 2015, wanda ta tattara tsofaffin komik ɗinta na fim ɗin Star Wars tun daga fitowa ta 1 zuwa ta 44. Ɗana ne ya aiko mini da shi. Bango mai kauri, shafi sama da 800, takarda fara sol mai sheƙi. Labarin yana nan yadda na san shi, zanen Howard Chaykin da na Carmine Infantino duk suna nan. Amma raina bai kwanta ba. Launin ya yi ƙarfi fiye da kima, ja ya yi jawur, kore ya yi shar, har ido yana gajiya. Waɗanda muka karanta muna yara ba haka suke ba, launinsu a kwance yake. Duk wanda ya riƙe na asali a hannunsa ya kuma ga wannan, don Allah ya faɗa mini ko ni kaɗai nake ganin haka.

Sadiq:
Wa alaikumus salam Kawu. Ni a waya na karanta su, kuma ban ga matsala ba. Ai gara launi ya fito sosai a ga zanen da kyau. Me ake yi da takardar da ta yi ja tana kakkaryewa?

Ilu Mai Ɗab'i:
Malam Garba, ba kai kaɗai ba ne, kuma akwai dalili. Sana'ata ke nan, bari in yi bayani.

A wancan zamanin, a takardar jarida ake buga komik a Amurka, mafi arha a kasuwa. Tawada huɗu ce: shuɗi, ja-ja mai kama da ruwan hoda, rawaya, da baƙi. Launuka ukun farko kowanne ana sa shi ko dai kashi 25, ko kashi 50, ko cikakke, ko a bar shi gaba ɗaya. In ka yi lissafi launi 64 ke nan kacal a hannun mai sa launi. Kashi 25 da 50 ɗin nan da ɗige-ɗige ake samar da su, shi ya sa in ka kusanto da idonka fuskar Luke, jarumin labarin, za ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo ja a kan rawaya. Ita kuma takardar jarida shan tawada take yi, kuma ba fara ba ce, tana da ɗan duhu. Mai sa launin ya san haka. In ya zaɓi ja cikakke, ya san takarda za ta shanye rabin zafinsa. Kamar rini ne, baba ɗaya za ka zuba, amma yadda zai kama saƙi daban, yadda zai kama shadda daban. To yanzu an ɗauki ma'aunin da aka yi domin takarda mai sha, an zuba shi a kan takarda mai santsi wadda ba ta shan komai. Dole ya yi ihu.

Sadiq, ɗana, abin da kake gani a waya ma ya fi haka, domin haske ne yake fitowa ta bayan launin.

Malam Garba Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri Malam Ilu. Wannan shi ne abin da na kasa faɗa.

Hajiya Rabi:
Ni kuwa Malam Garba, da na ga kana maganar launi sai na tsaya, domin ni ban taɓa sanin suna da launi a ciki ba sai da na girma. Namu na Ingila ne, Star Wars Weekly, wanda ya fara fita a watan Fabrairu 1978. Bango ne kawai mai launi, ciki baƙi da fari. Yayanmu yana karatu a can, in zai dawo hutu sai ya ɗauro su da igiya a ƙasan akwati. Da yake mako-mako suke fita, sai su yanka fitowar Amurka guda ɗaya gida biyu ko uku, su cika sauran shafukan da wasu labaran sararin samaniya. Ga shi Yaya ba kowane mako yake saye ba. Sai ka kai inda aka ritsa Han Solo, abokin tafiyar Luke, ka buɗe na gaba ka tarar an riga an wuce wurin, ba ka san yadda ya kuɓuta ba. Ni da ƙanwata a tsakar gida muke zama mu ƙirƙiro abin da ya faru a tsakani, har mu yi ta musu a kai.

Da na samu kundin da ya cike mini waɗannan guraben, sai da na yi hawaye. Labarin da na bari a rataye tun ina firamare, na ga ƙarshensa ina da jikoki. Saboda haka ni ba zan kushe sabon bugu ba, ko da wane irin launi ya zo.

Nura KD:
Ku yi haƙuri iyayena, amma bari in faɗi abin da ba a so. Kasuwanci ake yi da kewarku. Disney ta sayi Marvel a 2009, ta sayi Lucasfilm, kamfanin da ya yi fim ɗin Star Wars, a 2012 a kan dala biliyan 4 da ɗoriya. A watan Afrilu 2014 aka sanar cewa duk tsofaffin littattafai da komik ba sa cikin ainihin labarin kuma, aka liƙa musu tambarin Legends. Kamfanin Dark Horse da ya riƙe lasisin tun 1991 ya rasa shi a ƙarshen 2014. Sannan a 2015 aka dawo aka sayar muku da abin da aka ce ba ya cikin lissafi, kundi ɗaya dala 125. Ku juya wannan zuwa naira ku gani. Kuma ba shi ne karon farko ba, Dark Horse ta buga su kundi 7 a 2002 da 2003, ta sake buga su kundi 5 ƙanana daga 2010. Abu ɗaya ake ta sayar wa mutum ɗaya.

Hajiya Rabi:
Nura, to a bar su su ɓace ke nan? Takardar da Malam Ilu yake magana a kai ruɓewa take yi. Namu gara ce ta cinye su a ɗakin ajiya, ko shafi ɗaya bai tsira ba.

Nura KD:
A'a Hajiya, ban ce a bari su ɓace ba. Cewa na yi farashin ba na mai son karatu ba ne, na mai son jera littafi a kabad ne. A 1977 santi 30 ake sayar da fitowa ɗaya, kuɗin da yaro zai iya tarawa. Yaron yau ba zai iya ko ɗaga wannan kundin da hannu ɗaya ba, balle ya saya.

Sadiq:
Nan kam na yarda da Yaya Nura. Amma ni wata tambaya ce ke damuna. Na karanta fitowa ta 8, sai ga wani ƙaton zomo kore mai suna Jaxxon yana riƙe da bindiga yana dukan mutane da ƙafa. Kawu Garba, tsakani da Allah wannan Star Wars ne? Ni na ga kamar ba su ɗauki abin da muhimmanci ba.

Malam Garba Tudun Wada:
Sadiq, zauna ka ji. Kai ka taso ka tarar da Star Wars an gama gina shi, kowa ya san waye uban wa, waye ƙanwar wa. Mutanen da suka rubuta waɗannan komik ba su san komai ba sai fim ɗaya. Fitowa ta 1 ma ta riga fim ɗin shiga kasuwa, ta fita a watan Afrilu 1977, fim ɗin kuma sai 25 ga Mayu. Marubuci Roy Thomas da Chaykin daga rubutun fim ɗin da hotunan da aka ba su suka yi aiki. Shi ya sa a bangon fitowa ta 1 za ka ga kwalkwalin Darth Vader, mugun fim ɗin, kore ne.

Fitowa shida na farko fim ɗin ne. Daga ta 7 sai aka ce musu ku ci gaba, amma kada ku taɓa manyan abubuwa, domin George Lucas, wanda ya ƙirƙiri fim ɗin, yana ajiye su saboda fim na biyu. To me za su yi? Thomas ya ɗauki Han da abokinsa Chewbacca, ƙaton nan mai gashi, ya sa ɗan fashin sama ya ƙwace musu ladan da suka samu, ya jefa su wata duniya mai suna Aduba-3, inda manoma suke neman masu kare su daga mahara. Han ya tara 'yan haya, cikinsu har da zomon da kake faɗa. An ce Lucas bai so zomon ba, kuma Thomas ya bar aikin bayan fitowa ta 10. Amma mu da muke yara, wallahi ba mu ga wani abin mamaki ba. Ai a fim ɗin ma akwai mashayar da ta cika da halittu iri-iri. Wanda ya yarda da Chewbacca, me zai hana shi yarda da zomo?

Ga wani abin da ya fi wannan. A fitowar shekara ta 1979, wadda Chris Claremont ya rubuta, an ba da labarin jarumai uku da suka taɓa ceton wata duniya: Obi-Wan, da Darth Vader, da mahaifin Luke. Mutum uku daban-daban. Shekara ɗaya bayan haka fim na biyu ya fito ya ce Vader shi ne uban. Ni wannan shafin ya fi mini komai daraja a kundin, domin yana nuna maka lokacin da ƙofa take buɗe, labarin zai iya bin kowace hanya. Mu a wannan lokacin muka rayu. Abin da nake kewa ke nan, fiye ma da launin.

Sadiq:
Ban san da wannan ba Kawu. Wato har su kansu ba a gaya musu ba.

Ilu Mai Ɗab'i:
Ba a gaya musu ba. Duba fitowa ta 2 ka ga Jabba, uban daban da yake bin Han bashi. Mutum ne mai ƙafa biyu, fuskarsa rawaya da gashin baki irin na dabbar ruwa, sanye da kayan sarki. An ɗauki wurin a fim amma aka yanke shi, su kuma masu komik suna da shi a rubutun da aka ba su, sai suka ɗauko wata halitta daga cikin 'yan mashaya suka ce ita ce Jabba. Ƙaton nan mai jan ciki sai a 1983 aka gan shi. Haka abokin Luke, Biggs, hirar da suka yi a Tatooine kafin ya tafi ya shiga 'yan tawaye tana cikin fitowa ta 1, a fim kuwa babu ita. Mu da muka karanta komik mun san dalilin da mutuwar Biggs ta girgiza Luke a yaƙin ƙarshe, masu kallon silima ba su sani ba.

Mahaman Damagaram:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Mu nan Nijar ta Faransa abin ya zo mana. Wani kamfani a birnin Lyon mai suna Lug yana fitar da mujallar Titans, kuma daga 1979 ya fara sa Star Wars a ciki tare da wasu labaran Marvel. A wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a ƙasa muke samunsu, wani bangon ya yage, wani an rubuta sunan wani ɗan lakwal a kai. Da Faransanci muka san su, kuma takardar da launin ba irin na Amurka ba ne.

Shi ya sa nake son tambayar Malam Garba, da girmamawa. Kai na Amurka ka riƙe, Hajiya na Ingila baƙi da fari, ni na Faransa. In an ce a sake bugawa yadda yake na asali, na wa za a bi? Kowannenmu wanda ya fara shiga hannunsa shi yake kira na asali.

Malam Garba Tudun Wada:
Malam Mahaman, tambayarka tana da nauyi, amma ban yarda duka ɗaya ba ne. Akwai wanda masu aikin suka yi da hannunsu suna sane da takardar da za a buga shi a kai, shi ne na Amurka. Na Ingila da na Faransa daga shi aka ɗauka. Ban raina naku ba, amma in ana maganar adana aikin mutane, a nan za a fara.

Mahaman Damagaram:
To amma ka tambayi mai zanen. Da yawansu ba su ji daɗin yadda ake buga aikinsu a lokacin ba, siraran layuka suna ɓacewa, launi yana zamewa ya fita daga layi. Al Williamson da ya zana fim na biyu, daga fitowa ta 39 zuwa ta 44, alƙalaminsa siriri ne ƙwarai. Ni sai a sabon bugu na ga ƙananan layukan da ya zuba a jikin manyan motocin yaƙin nan masu ƙafa huɗu a cikin ƙanƙara. Watakila ma Hajiya da ta gan shi baƙi da fari ta fi mu ganin ainihin hannunsa.

Ilu Mai Ɗab'i:
Nan Malam Mahaman ya faɗi gaskiya, ni shaida ne a kan wannan. A ƙarshen shekarun 1970 ingancin bugun komik a Amurka ya faɗi sosai saboda neman sauƙin kuɗi. Baƙin layi yana fitowa da rawa-rawa. Sabon bugu ya gyara wannan. Matsalata da shi launi ne da takarda kawai. Da sun yi amfani da takarda marar sheƙi mai ɗan duhu, suka rage ƙarfin launin daidai yadda takardar jarida take rage shi, da an samu biyun.

Wanda ba zan iya yafewa ba shi ne ɗayan bugun na 2015, wanda suka ɗauki fitowa shida na farko suka sake musu launi gaba ɗaya da kwamfuta, da inuwa da ƙyalli irin na komik ɗin yau. Zanen Chaykin na gaggawa ne, mai kaushi, an yi shi don launi shimfiɗaɗɗe. Da aka lafta masa inuwar kwamfuta sai fuskoki suka kumbura, layinsa ya nutse. Wannan ba adanawa ba ce.

Sadiq:
Baba Ilu, ni fa wannan ɗin ne ya fara jawo ni. Da ban gan shi ba da ban nemi sauran ba. Ƙannena ma shi suka yarda suka karanta, tsohon launin suna gani suke ajiyewa.

Ilu Mai Ɗab'i:
To Alhamdulillahi da ya kawo ka. Amma ka ga irin abin da aka yi wa fim ɗin kansa a 1997, aka ƙara masa abubuwa da kwamfuta, har aka canja wurin da Han ya harbe Greedo, ɗan aiken Jabba, aka sa Greedo ya fara harbi. A komik na 1977 Han ne ya yi harbin, babu wani kwana-kwana. In aka saba taɓa tsohon aiki, wata rana ba za a san yadda yake ba.

Nura KD:
Ku lura da wani abu kuma. Kundin ya cire tallace-tallace. A lokacin, cikin shafi 32 labarin 17 ne kawai, sauran talla ne da wasiƙun masu karatu. Wanda ya karanta kundi yana wucewa daga fitowa zuwa fitowa cikin minti goma, babu jiran wata guda. Ba abu ɗaya kuke saye ba ko da launin ya dace.

Hajiya Rabi:
Wannan gaskiya ne Nura, jiran ba ya dawowa. Ka tuna babu bidiyo. Fim ɗin bai fito a kaset ba sai 1982, kuma kafin na'urar ta shigo gidaje irin namu an ƙara shekaru. Silima kuwa a garinmu fim ɗin Indiya da na Cana ne suka fi yawa, mu mata ma ba a barinmu zuwa. Ni komik ɗin nan shi ne fim ɗina. Muryar Gimbiya Leia da nake ji a kaina ni na ƙirƙire ta. Kuma Leia ta komik ba zama take yi a cece ta ba, tana fita aiki ita kaɗai, tana riƙe bindiga, tana ba maza umarni. Yarinya 'yar shekara goma a wancan lokacin, ba ƙaramin abu ba ne ta ga haka.

Malam Garba Tudun Wada:
Hajiya kin tuna mini da Shira Brie. Bayan fim na biyu an daskarar da Han, shekara uku marubuta ba su da shi, kuma ba su da izinin ceto shi. David Michelinie da Walt Simonson sai suka kawo wannan matuƙiyar jirgin, ta shaƙu da Luke, sannan a tsakiyar yaƙi na'urarsa ta daina aiki, ya dogara da ɓoyayyen ƙarfin nan da ake kira Force ya harbo jirgin da ya ɗauka na maƙiyi ne, ashe ita ce a ciki. 'Yan tawaye suka juya masa baya. Daga baya ya gano 'yar leƙen asirin Vader ce. Ta dawo da sunan Lumiya da bulalar haske a zamanin Jo Duffy. Sadiq, in kana ganin ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, nemi wannan ka karanta. Michelinie da Simonson ne ma suka so kawo Death Star ta biyu, wato tashar yaƙin nan mai tarwatsa duniya, aka hana su ba tare da an faɗa musu dalili ba, sai suka yi wani makamin suka kira shi Tarkin.

Nura KD:
Kuma duk da haka aka rufe komik ɗin a fitowa ta 107 a 1986, bayan shi ne ya riƙe kamfanin Marvel. Stan Lee, shugaban ɗab'in Marvel a lokacin, da farko ƙin karɓar aikin ya yi, Roy Thomas ne ya matsa. Jim Shooter da ya zama babban edita daga baya ya faɗa da bakinsa cewa Star Wars ne ya ceci Marvel a 1977 da 1978. Ni abin da nake so shi ne a yi bugu mai arha, takarda mai sauƙi, wanda ɗalibi zai saya.

Sadiq:
Akwai masu bango mai laushi da ake kira Epic Collection, sun fi arha nesa ba kusa ba. To Baba Ilu, in mutum zai fara, wanne zai nema?

Ilu Mai Ɗab'i:
Su ɗin za ka nema, waɗanda aka rubuta The Original Marvel Years a kai. Sun fi sauƙin riƙewa, kuma ba a yi musu inuwar kwamfuta ba. In ka ci karo da na asali a wurin masu gwanjon littattafai, ko da guda ɗaya ne ya yage, saya ka ajiye kusa da sabon ka riƙa gwadawa. Kada ka sa shi inda rana take bugawa, kada ka manna masa salatif, kuma ka raba shi da bango mai danshi lokacin damina.

Mahaman Damagaram:
Ina da Titans guda biyu da suka rage a cikin adaka. Gobe in Allah ya kai mu zan ɗauki hoton shafukan in turo. Malam Garba, in labarin yana cikin kundinka ka ɗauko shafin da ya yi daidai da shi, Malam Ilu ya duba mana launin.

Malam Garba Tudun Wada:
In sha Allahu. Ka ɗauka a inuwa da rana, ban da fitilar waya, kuma ka rubuto mini abin da ke faruwa a shafin don in gane wace fitowa ce.